Kalmar da Ban Rubuta a Takardar Bashi Ba

A shekarar da kogunan Shari da Logone na nan Chadi suka cika suka tumbatsa, har kwalekwale ya zama abin hawa a unguwannin bakin ruwa, a shekarar ce 'yata ta biyu ta ci jarrabawar gama sakandare. Mu a unguwar Amriguébé kogi bai iso mana ba, ruwan sama ne ya yi mana ɓarna. Katangar da ta raba mu da maƙwabta ta sha ruwa kwana uku, ran na huɗu ta durƙusa kamar raƙumi. Ina tsaye ina salati, yarinyar nan tana tsugune tana tona gindin katangar da itace. Ta ɗago ta ce, "Baba, ba ruwan bana ne ya kayar da ita ba. Indararonmu ne yake zuba a ƙafarta shekara da shekaru." A ranar ta gaya mini karatun da take so.

Ni ban yi boko ba. Kakana ya taso daga ƙasar Hausa zai tafi Makka a ƙafa, ya yada zango a garin nan, zangon bai tashi ba har yau. Allo na yi, sannan littattafai a zaure. Abin da nake ci da shi ɗan tebur ne a ƙofar gida, na turare da carbi da hula, sai kuma alƙalami. Mutanen unguwa sukan zo in rubuta musu wasiƙa da ajami, ko cinikin fili, ko takardar bashi tsakanin mutum biyu. Fiye da shekara talatin ina wannan, ba a taɓa dawo mini da takarda an ce na karkata ba.

Sunan karatun da Faransanci ta faɗa, dogo ne, ban riƙe ba. Na ce ta juya mini shi da Hausa. Ta ce, "Akwai babba wanda yake tsara gida a kansa, sunansa ake bugawa a takarda. Akwai magini mai ɗora bulo. Ni tsakaninsu zan tsaya. In zana, in auna, in lissafa siminti da ƙarfe, in je wurin aiki in duba ko abin da aka zana shi ake ginawa."

Na ce, "To, uwata, na tsakiyan nan wa yake biyansa?"

Shekara uku ne karatun, makarantar ta kuɗi ce, kuma abin da teburina zai iya ɗauka bai kai rabi ba.

Na yi kusan wata guda ina bin mutane da wannan tambaya. Wani tsohon magini da muke sahu ɗaya a masallaci ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce, "Malam, a garin nan mai gida da sanda yake zana gidansa a ƙasa, mu bi sawun sandar. In 'yarka ta zo da takarda, sai mu rufe butar shayi da ita." Ɗan maƙwabcinmu mai aikin ofis ya ce manyan kamfanoni suna biya da kyau, amma ƙofarsu sai da wanda ya san ka. Wani kuma ya ce ko ta gama sai ta yi abin da suke kira istaj, wato ta yi wa mutane aiki watanni ba ko sisi, wai tana koyo. Na dawo na sami takarda na tsaga mata layi. A dama na rubuta abin da zai fita, shekara bayan shekara. A hagu na ce zan rubuta abin da zai shigo. Dama ta cika da lissafi. Hagu kuwa na daɗe riƙe da alƙalami, tawada ta bushe a bakinsa, ban sami abin rubutawa ba sai in Allah ya yarda.

Ba talauci nake tsoro ba, mun saba da juna. Bashi nake tsoro. Na tsaya a jana'iza ba adadi, na ji lokacin da liman yake juyowa ya ce akwai mai bin mamacin nan bashi? Na san shirun da yake biyo baya. Sau ɗaya na ga an karya shirun, wani ya ɗaga hannu daga baya, na ga fuskokin 'ya'yan mamacin. Ni ga shekaru sun haura sittin, ga hawan jini. Mahaifina ya bar duniya ba a binsa ko ƙwayar goro, gidan nan kaɗai ya bar mini.

Uwar yaran ce ta ture ni. Ta ce, "Malam, shekara talatin kana rubuta wa mutane bashi, yau da alƙalami ya juyo kanka ka gane yana da tsini? Yarinya tana da kai. Je ka wurin Alhaji."

Alhajin nan ɗan kasuwa ne, mai sayar da atamfa da shadda. Daga wajen Kano ya zo da iyalinsa, shekara goma sha biyar ke nan lokacin. Mun shaƙu a masallaci, yakan zo teburina bayan la'asar mu sha shayi. Abu guda ne bai taɓa sabawa da shi a garin nan ba, shi ne riyal. A nan kuɗin da ke hannu sefa ne, amma baki ba ya ƙirga sefa. Kowace sefa biyar riyal guda muke ce mata. Takardar dubu goma, a kasuwa alfen ce, wato riyal dubu biyu. Haka muka tashi, haka muke ciniki, haka nake rubuta kowace takarda, ba na ma sa kalmar riyal domin kowa ya sani. Sefa ta 'yan ofis ce da 'yan makaranta. Alhaji kuwa kullum faɗa yake da masu saye: "Ku faɗa mini abin da ke rubuce a jikin kuɗin! Wace irin ƙasa ce wannan, a rubuta goma a ce biyu?"

Na same shi a rumfarsa da hantsi, na yi ta kewaye-kewaye har ya gaji. Ya ce, "Malam, nawa ne? Kuma don Allah kada ka kawo mini riyal ɗin nan naku." Takardar makaranta tana aljihuna, 'yata ta karanta mini lambobin na haddace. Na ce abin da ya gagare ni dubu ɗari biyu ne a shekara. Ya buɗe akwati ya ba ni. Muka yi alkawari sai ta gama ta fara samu zan biya. Na ɗauki alƙalami na rubuta: na karɓi dubu ɗari biyu daga hannun Alhaji, bashi ne a kaina. Kamar yadda muka faɗa da baki haka na rubuta. Hannuna bai saba sa sunan kuɗi ba, bai sa ba.

Ya ce ko a kira mutum biyu su shaida. Na san haka addini ya ce, ni nake tuna wa mutane. Amma kunya ta hana ni, kada unguwa ta ji mai rubuta wa mutane bashi ya ci bashi. Na ce, "Ni da kai, Alhaji?" Ya ninke takardar ya jefa a akwati. Shekara ta biyu na koma na ƙara layi a ƙasanta, ta uku ma haka. Dubu ɗari shida.

Shekarun nan uku ban yi barci mai nauyi ba. Ta cire tsohon ƙyauren kicin ta ɗora kan bulo ya zama teburin zane. Nakan wuce in ga layuka sirara kamar gashi, in ce a raina wannan ne zai biya Alhaji? Ta gama da sakamako mai kyau. Ta yi istaj wata shida, kuɗin babur ma mu muke ba ta. Daga baya wani ƙaramin ofishi a unguwar Diguel ya ɗauke ta, ba albashi ba, kowane zane da kuɗinsa. Wani watan ta shigo da abin kirki, wani watan hannu biyu. Magini bai yi ƙarya duka ba, ɗan ofis ma bai yi ba. Duk abin da ta kawo mukan raba, kaso mafi girma ya shiga wani tulu ginin ƙauyen Gaoui da ya tsage aka daina zuba masa ruwa. Nawa ma can yake shiga. Uwarta ta ɗauki adashi ta zuba. Muna dab da cikawa sai aka aiko Alhaji ya faɗi a rumfa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace.

Babban ɗansa ya karɓi rumfar. Yana yaro aka zo da shi, a kasuwar nan ya girma, Larabcin Chadi ya fi Hausa sauƙi a bakinsa. Masu ba su kaya daga Kano sun matsa masa, sai ya buɗe akwatin mahaifinsa yana bin takardu ɗaya bayan ɗaya. Wata ranar Talata ya zo teburina, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata. Na ji daɗin zuwansa ma, domin saura kaɗan mu cika.

Ya ce, "Baba Malam, ba don an matsa mini ba da ban zo ba. Dubu ɗari shida ne. Sefa miliyan uku ke nan. Ko rabi aka samu yanzu, zan rufe bakin mutanen Kano."

Na ce, "Sake faɗa."

Ya sake.

Na ce, "Ɗana, sefa ce. Sefa dubu ɗari shida. Mahaifinka ba ya lissafi da riyal, kai ma ka sani."

Ya ce, "Shi ba ya yi. Amma ba shi ya rubuta ba." Ya zaro wasu takardu uku daga aljihu, duk na mutanen da Alhaji yake bi, duk ni na rubuta. Ya shimfiɗa ta farko. "Wannan hannunka ne?"

"Hannuna ne."

"Riyal ce ko sefa?"

"Riyal."

"Wannan fa?"

"Riyal."

"Wannan?"

Ya ɗora tawa a kansu. Tawada ɗaya, hannu ɗaya, ba sunan kuɗi a ko ɗaya. Ya ce, "To, Baba Malam, duk 'yan'uwanta suna jin yaren kasuwa, ita kaɗai aka sa a makarantar Faransanci?"

Ba da rashin kunya ya faɗa ba, kuma ba zalunci yake nufi ba. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Da ni aka kawo wa takardun nan huɗu aka ce in raba gardama, da bayansa zan bi.

Miliyan uku ba ta da wata ma'ana a wurina sai guda: a sayar da gidan mahaifina. Na shiga gida na tsaya a tsakar gida ina kallon ɗakuna kamar baƙo. 'Yata ta kwaso rasit ɗin makaranta na shekara uku ta kai wa ɗan Alhaji da kanta. Ya duba ya ce, "Na ga an biya makaranta. Ban ga inda aka ce iyakar abin da aka karɓa ke nan ba. A shekarar ai katangar siminti kuka yi." Gaskiya ne mun yi, da kuɗin ragunan uwarta. Wa zai shaida? Shaidun da na hana a kira?

Ta dawo tana kuka, ta ce, "Baba, da na sani da ɗinki na koya." Na ce ta yi shiru, ba zanenta ne ya jawo ba, rubutuna ne.

Ni da yaron muka je wurin Alhaji. Yana kwance a kan katifa a falonsa, ya rame, idanunsa kuwa suna nan yadda na san su. Tun da ya faɗi magana guda ce ta rage a bakinsa. Ɗansa ya durƙusa ya ce, "Baba, kuɗin da ka ba Malam, riyal ne?"

Alhaji ya ce, "Haka ne."

Na matso na ce, "Alhaji, ba sefa ba ce?"

Ya dube ni ya ce, "Haka ne."

Aka tambaye shi ko zai sha ruwa, haka ne. Ko a kashe fanka, haka ne. Hawaye yana bin gefen idonsa, ya san ba abin da yake so ya faɗa ke nan ba.

A waje yaron ya ce mini, "Baba Malam, ka dafa Alƙur'ani ran Juma'a gaban liman, in bar maganar." Na ce ya ba ni mako guda. Gaskiya tana hannuna, amma ban taɓa rantsuwa a kan kuɗi ba, mahaifina ma bai taɓa ba. Kuma na san garinmu. Ko na rantse na tsira da gida, za a ce malam ya jira bakin mutum ya mutu ya cinye masa dukiya da rantsuwa. Yaron zai bar mini, zuciyarsa ba za ta bari ba. Ranar jana'izata in liman ya yi tambaya, ko bai ɗaga hannu ba zai san yana da hannun ɗagawa. Makon nan abinci ya ƙi shiga. Jini ya hau har aka kai ni asibiti aka ƙara mini ƙwaya. Har dillalin gidaje na tsayar a hanya, na tambaye shi farashin unguwa kamar don wani nake tambaya.

Ran Alhamis Hajiya, matar Alhaji, ta aiko in zo bayan la'asar, in zo da kuɗin da na ce ana bina. Muka juye tulu. Da cikon da 'yata ta samo a makon, takardun dubu goma-goma guda sittin cif. Na tafi tare da 'yata.

Hajiya tana zaune daga bakin ƙofa, ɗanta yana tsaye. Ta ce, "Ku kun dame shi da tambaya. Bakinsa ne ya tafi, kansa yana nan. Kullum da safe sai ya ƙirga mini kuɗin cefane da hannun hagu, in na ɗauki fiye ya riƙe mini zane. Kai, kawo kuɗin rumfa."

Yaron ya ce, "Umma, wannan wasa ne."

Ta ce, "Wasan da nake yi da shi tun ba a haife ka ba. Kawo."

Ya kawo cinikin kwanaki, damin alfen-alfen masu yawa. Aka haɗa da nawa aka cakuɗa a kan tire, tsibi guda wanda ya haura miliyan uku. Aka tayar da Alhaji aka jingina shi da matashi. Hajiya ta ce in karanta masa takardar. Na karanta layi uku. Ta ce, "Alhaji, ga kuɗi. Cire abin da kake bin Malam."

Ya daɗe yana kallon tiren. Na ce a raina bai gane ba. Sai hannun hagu ya motsa, ya ja takarda ɗaya da ɗan yatsa ya ajiye gefe. Ya ja ta biyu. Kowace sai ya murza ta don kada biyu su manne. Ina ƙirgawa a zuci, ina salati a baki, su biyun suna sarƙewa. Ya kai ashirin ya tsaya, ya daddale su da tafin hannu. Ya fara wani tsibin daban. Ashirin. Ya fara na uku. A goma sha huɗu hannunsa ya gaji ya kwanta, Hajiya ta ba shi ruwa, ya ci gaba. Ashirin.

Na saki numfashi. Sai na ga hannun ya koma kan tire.

Ban san yadda zan kwatanta wannan ba. Na ga gidan, na ga dillali, na ga uwar yaran da kaya a ka. In ya fara tsibi na huɗu ba wanda zai tsayar da shi sai ya kai ɗari uku. Ya ja takarda ɗaya. Bai ɗora ta kan kowane tsibi ba, ya ajiye ta ita kaɗai. Sannan ya sa bayan hannu ya ture tiren har ya bugi gwiwar ɗansa.

Yaron ya ce, "Sittin da ɗaya? Ɗayar ta mece ce?"

Alhaji ya dubi 'yata. Ya miƙa yatsa ya ja layi a kan katifa, miƙaƙƙe, ya sake jan wani ya gicciye shi.

Sai na tuna. A shekarar farko, mako biyu da fara karatu, aka ce sai ta sayi kayan zane, abin ja layi da na auna kwana. Na gamu da Alhaji a ƙofar masallaci bayan magariba, na faɗa masa a tsaye, ya zaro alfen daga aljihun gaba ya ba ni. Na ce zan zo in ƙara a takarda. Ban je ba, kuma wallahi ta fita daga kaina fit. Da na dafa Alƙur'ani ran Juma'a na ce dubu ɗari shida ne ba ƙari, da na rantse a kan ƙarya ban sani ba.

Yaron ya durƙusa a gabana ya ce, "Baba Malam, ka yafe mini." Na ce ba abin yafewa, ya karanta abin da na rubuta ne. Ya ce ɗayar a bar ta. Hajiya ta ce, "Kai ka ba da ita da za ka yafe?" Na laluba aljihuna, abin da ke ciki bai kai kuɗin babur ba.

Da safe 'yata ta je ofishinsu ta roƙi a ba ta wani abu daga kuɗin zanen da ba ta gama ba. Ta dawo kafin azahar ta miƙo mini takardar dubu goma sabuwa. Ta ce, "Wannan tawa ce, Baba, ni na ja layi da ita." Na sa hula na tafi kafin a kira sallar Juma'a.

Na tarar da Alhaji shi kaɗai, an yi masa wanka an sa masa farar riga. Na zauna kusa da shi na buɗe tafin hannunsa na hagu na sa kuɗin. Ya murza, ya ɗaga ta wajen hasken taga, ya tura ƙarƙashin matashi. Na karɓi takardar bashin daga wurin Hajiya, na fito da alƙalami na rubuta a ƙasan layi na uku: an biya duka, sefa dubu ɗari shida da dubu goma, ranar Juma'a. Na kira ɗansa da wani maƙwabcinsu da ke alwala a ƙofar gida, suka sa hannu. Sannan na riƙe hannun Alhaji na ce ya yafe mini jinkiri da mantuwa. Ya matse yatsuna da ƙarfin da ban zaci ya rage masa ba, bai sake ni ba sai da ladan ya kira salla.